Ɗorawa Biyu da Littafin Malam Ilu

Jikata Bilkisu, wadda take buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ta zo gaishe ni ran Juma'a ita da ƙawayenta biyu. Tana shigowa ta nuna musu ni, ta ce wai ga kakanta nan, shekara talatin da ɗoriya ya yi yana kwafa a kotu, aikin da injin ofishinsu yake gamawa kafin shayi ya huce. Suka yi ta dariya. Ni ma na yi, don jika ce, ba a fushi da ita. Amma na ce su nemi wuri su zauna, tunda sun taɓo ni sai sun ji.

Magatakarda nake a kotun alƙalin gundumarmu, can arewa da Kano, inda gona take manne da gona har ba ka samun inda za ka ɗaure akuya ba ka shiga haƙƙin wani ba. Duk abin da aka yanke a gaban alƙali, aure ne, saki ne, rabon gado ne, iyakar gona ce, ni nake sa shi a littafi. Alƙali zai mutu ko a yi masa canjin wuri, shaidu za su mutu, littafin ne yake zama.

Aikin farko da maigidana Malam Ilu, babban magatakardan kotun, ya ba ni ba rubutu ba ne. Na zo da takardar gama firamare, hannuna a boko kamar bugun inji, ina ji da kaina ƙwarai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini wani akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan duwatsu huɗu, ya ce abokin gabarmu a wannan ɗaki ɗaya ne, gara. Duk ran Alhamis in fito da littattafan, in kakkaɓe, in buɗe su su sha iska a inuwa, in sauya busasshen ganyen darbejiya da ke tsakanin shafuka, in zagaye duwatsun da sabuwar toka. Wata shida ina wannan. Na kai ƙara wajen mahaifina, ya ce in koma, ai shi ma bai ga abin da na iya ba tukuna.

Malam Ilu gajere ne, bakinsa kullum ja da goro, ga saurin fushi. Da ajami yake rubutu, da alƙalamin gamba da yake feƙewa da kansa, tawadarsa kuwa shi yake dafa ta da ƙaro da bagaruwa, ba ya yarda da ta kanti. Ni aka ba ni alƙalamin ƙarfe da kwalbar tawada da rula da takardar tsotse tawada. Ba a kankare kuskure a littafin kotu. In ka yi, layi ɗaya za ka ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, alƙali ya sa hannu. Ranar da na kankare wata kalma da reza, Malam Ilu ya sa na sake shafin gaba ɗaya, sannan ya hana a yage na farkon, ya ce a bar shi kowa ya ga aikina.

Rabon gado na farko da na bi shi, a wani ƙauye ne bayan kasuwa. Na ɗauka za mu zauna a zaure ne a faɗa mana, mu rubuta. Ina! Malam Ilu ya naɗe riga ya ce a zagaya gonar da shi, ƙafa da ƙafa. Duk bishiyar da muka tarar sai ya tsaya ya tambaya wa yake cin ta. Ku 'yan birni ba ku san wannan ba: a wajenmu ƙasa daban, bishiyar da ke kanta daban. Gona tana iya zama ta wa, kukar da ke tsakiyarta ta ƙanwarsa ce, ita take tsinkar ganye, shi ba ya taɓawa sai da izini. Duk wannan Malam Ilu yana rubutawa. Ya rubuta cewa hanyar rijiya ta ratsa ta gefen yamma kuma ba a hana jakin maƙwabci wucewa. Ya rubuta wanda zai kwashe karan dawa na bana. Da ya gama ya karanta wa mutanen da ƙarfi tun daga bisimilla, har da matan da ke sauraro ta bayan zana, ya tambaya ko akwai wanda bai yarda ba. Gonar da ba ta fi a nome ta a yini biyu ba, sai da ta ci shafi uku. A zuciyata na ce wannan tsoho surutu ne ya yi masa yawa.

Mutanen da muke wa aiki kuwa sai haƙuri. Ka tambayi mutum iyakar gonarsa, ya miƙa hannu ya ce daga nan har can. Ka tambayi shekarar da ubansa ya rasu, ya ce shekarar da rijiyar masallaci ta rufta. Wani ya zo maka gida da zakara a hammata, wai gaisuwa ce kawai, alhali gobe shari'arsa. Malam Ilu ba ya korar irin waɗannan. Sai ya karɓa ya yi godiya, da safe ya ɗaure zakaran a ƙofar kotu, duk wanda ya tambaya ya ce na wane ne, yana jiran mai shi ya gama shari'a. Ba a yi sau uku ba aka daina kawowa.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa a mayar da tsofaffin littattafan gado da na iyaka zuwa boko. Lokacin idon Malam Ilu ya fara gazawa, ya ajiye aiki, kujerar ta zama tawa. Sababbin littattafan da aka aiko manya ne, masu kyau, an riga an ja musu layuka: gidan suna, gidan ƙauye, sai gidaje huɗu na gabas, yamma, kudu da arewa, kowanne faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. Na duba shafi ukun Malam Ilu, na duba yatsa biyu. Sai na yi abin da na ga ya fi tsafta: kowane gida na sa sunan maƙwabcin da ke wannan ɓangaren. Gabas, gonar wane. Arewa, gonar wane. Kuka da ɗorawa da hanyar jaki duk na bar su a baya. Na gama tun kafin wa'adi, aka yaba mini a gaban sauran magatakarda, aka zuba tsofaffin a buhu aka kai su sito a hedikwata. Da na je gaishe da Malam Ilu ya tambaye ni ko sabon littafin ya ɗauke komai. Na ce ya ɗauke. Ya ce to madalla. Bai kai ga ganin shekarun fari ba, Allah ya ji ƙansa.

Farin nan ku labarinsa kawai kuke ji. Damina biyu a jere gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Aka ci tafasa, aka ci dusa, garin kwaki ya zama abincin masu hali. Gambar da ake shukawa a kan iyakokin gonaki dabbobi suka cinye ta har saiwa. Aka sassare rassan bishiyoyi aka ba awaki ganye, da bishiyoyin suka mutu aka faskara su aka kai birni. Kotu ta yi shiru, ba mai ɗaura aure balle ya yi saki. Gidaje da yawa aka toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su suka yi kudu. Ni ina da albashi, ban kwana da yunwa ba, amma akwai ranakun da zan zauna tun safe har azahar ban tsoma alƙalami a tawada ba.

Aiki ya dawo ne lokacin da mutane suka fara dawowa. A cikinsu akwai Mati mai jakai. Kafin fari sana'arsa kai itace birni da jakuna uku, ya dawo da mangala cike da taki ya zuba a gonarsa. Jakunan suka mutu, ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, ya yi shekara uku yana dako. Ya dawo da bazara, ba shi da komai sai mata da 'ya'ya biyar da irin gero a ƙullin zane. Gonarsa kashi biyu ce. Akwai tudu, wanda yashi ne zalla, akwai kuma kwari a arewa da shi, inda laima take zama, inda ya yi shekara ashirin yana zuba taki. Kwarin nan shi ne abincin gidan. Ya tarar ɗan baffansa, Lawan, ya haɗe shi da gonarsu.

Lawan ba azzalumi ba ne, kada ku ɗauka haka. Ubansa Tanko da uban Mati wa da ƙane ne. Abin da Lawan ya faɗa a gaban alƙali shi ne, kwarin na ubansa ne tun asali, aro ya ba Mati saboda ya tashi maraya, da Mati ya tafi kuma Tanko ya karɓi abinsa ya noma har ya rasu a cikin farin. Mati ya ce bai taɓa jin zancen aro ba, gadon ubansa ne. Dukansu sun yarda cewa ɗorawa ce iyaka, haka suka ji daga manya. To amma ɗorawa biyu ce a wurin. Ɗaya a kan tudu kafin ka gangara kwarin, ɗaya a ƙetarensa. In ta tudu ce iyaka, kwari na Lawan ne. In ta ƙetare ce, na Mati ne. Duka biyun an sare su a farin, dattawan da suka halarci rabon kuma babu ko ɗaya a raye.

Alƙalinmu na lokacin mutum ne mai sanyin magana. Ya ce tsakanin 'yan'uwa daɗewa ana noma wuri ba ya zama hujja, domin ɗan'uwa yana ba ɗan'uwa aro. Ya juyo ya ce in kawo littafi. Na buɗe, na sami rabon gadon kakansu, na karanta gidan arewa da rubutuna mai kyau: gonar Tanko. Alƙali ya jira in ci gaba. Na ce shi ke nan. Ya ce ai kowa a ɗakin nan ya san gonar Tanko ce a arewa, tambayar ita ce daga ina ta fara. Wannan kuwa babu shi a littafina. Sai ya ce tunda Mati ne mai ƙara kuma ba shi da shaidu, Lawan zai rantse da Alƙur'ani ran Litinin mai zuwa, in ya rantse wuri ya zama nasa. Lawan ya ce zai rantse, kuma na ga a fuskarsa da gaskiyarsa yake faɗa. Mati ya ɗauki takalmansa ya fita. Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin, kowa yana gyaran gona.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ban tuna abin da ke cikin wancan shafin ba, shafuka ɗaruruwa na kwafa, amma na san Malam Ilu ba zai wuce ɗorawa biyu bai ce komai a kansu ba. Kuma babu wanda ya san na yanke sai ni. In na yi shiru, littafina zai ci gaba da zama littafin da aka yaba. Bayan la'asar na sami alƙali a zaurensa, na durƙusa na ce, “Allah ya gafarta Malam, littafin nan ba shi ne maganar Malam Ilu ba. Ni na rage ta.” Ya tambaya shafi nawa na yi wa haka, na ce duka. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi. Ya rubuta mini 'yar takarda zuwa ga mai riƙe da makullin sito, ya ce Litinin dai Litinin ce, ba zai ɗaga rantsuwa a kan abin da ban kawo ba.

Na hau keke na yi hedikwata. Sito ɗaki ne na ƙasa, an jibge buhunan a kan daɓe, babu dutse babu toka. Buhun farko da na ɗaga gindinsa ya zube, ƙasa ce kawai da gara. Kwana biyu na yi a ɗakin nan ina buɗe littattafai ɗaya bayan ɗaya, wasu bango ne kawai ya rage. Namu na same shi a tsakiyar buhu na huɗu. Gara ta ci gefensa ta shiga kamar yatsa uku, amma tsakiyar shafukan tana nan, ganyen darbejiyar da na sa da hannuna yana ciki. Na sami rabon. A wajen iyakar arewa Malam Ilu ya rubuta cewa ɗorawa ce, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta uban Mati ce, 'ya'yanta kuwa rabon ƙanwarsu Hajara ne, ita za ta riƙa ɗiba. Bai ce ta tudu ko ta ƙetare ba, ko kuma ya ce a inda gara ta cinye.

Na kawo wa alƙali. Ya tambayi Mati da Lawan wace ce Hajara, suka ce gwaggonsu ce su duka, tana aure a wani ƙauye wajen Kunci. Ta fi shekara ashirin ba ta zo ɗibar kalwa ba saboda tsufa, matan gidajen biyu ne suke tara ta duka bishiyoyin su aika mata da daddawa, don haka ba wanda ya san wacce ce tata. Ba su ma tabbata ta tsallake farin ba. Alƙali ya aiki masinjan kotu, ya hana su biyun zuwa, ya kuma gargaɗe shi kada ya gaya mata abin da ake rigima a kai.

Tana da rai. Ran Lahadi da hantsi aka kawo ta a kan jakin aro, 'yar tsohuwa kamar a hure ta ta faɗi, idonta ya yi fari, amma bakinta garau. Tana sauka ta shafa cikin Lawan, ta fara yi masa tsiya wai ya yi tumbi a shekarar da mutane suke ramewa. Alƙali da dagaci da rabin ƙauyen muna tsaye a bakin gona. Alƙali ya ce mata ɗorawarta kawai ake so ta nuna. Ta ce a kai ta bakin tsohuwar rijiya a sake ta, daga nan ƙafarta ta san hanya.

Ta kama sanda ta taho a hankali, muna biye. Ta hau tudun, ta zo daidai kututturen ɗorawar farko, ta lalube shi da sanda, ta zauna a kai. Na ji mutanen Lawan sun fara gyaran murya. Na dubi Mati, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa littafin da ke hammatata ya yi mini nauyi. Ta huta, ta nemi ruwa ta sha. Sannan ta bubbuga kututturen ta ce Allah sarki, wannan ma an sare ta, ai ta yaya Tanko ce, 'ya'yanta ƙanana marasa gari, ko kyauta ba ta so. Ta miƙe ta gangara cikin kwarin, ta ratsa shi, ta haura ƙetare, ta tsaya a wani fili da babu komai sai kunya-kunyan bara. Ta ce nan tata take.

Kututturen wannan an ƙone shi an yi huɗa a kai. Lawan da kansa ya karɓi dagi daga hannun wani ya fara haƙa. Bai kai gwiwa ba ya ci karo da baƙar saiwa mai kaurin cinya. Ya tsaya yana kallonta, gumi yana zuba. Sai ya jingine dagin ya ce, “Yaya Mati, wurinka ne. Alhamdu lillahi da ban rantse ba.” Alƙali ya ce tunda mai riƙe da wuri ya amsa da bakinsa, shari'a ta ƙare, in rubuta.

Na zauna a kan kunya na ɗora littafi a gwiwa. Gidan arewa bai isa ba, na tsallaka gidan da ke kusa, na cika gefen shafi, na juya baya. Daga ranar haka na riƙa yi, kuma shekara biyu na yi ina bin abin da gara ta rage na tsofaffin littattafan ina mayar da abin da na yanke. Wanda ta cinye kuwa ya tafi, ban san gonar wa ta tafi da shi ba. Ban taɓa samun wani yabo a kan wannan ba, mai duba littattafai ma cewa ya yi aikina ya yi datti. Amma na yi ritaya ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofata ya ce littafina ya cuce shi, kuma da wannan aikin na aurar da 'ya'yana na sauke farali. Na gode Allah.

Da na gama rubutu a ranar na tashi na karanta musu da ƙarfi, na tambaya ko akwai wanda bai yarda ba. Gwaggo Hajara ta ce ita. Ta ce kowa ya sami nasa, ita da aka ɗauko a kan jaki tun asuba an nuna mata rami. Aka yi dariya. Mati bai yi ba. Ya ce ruwan farko yana sauka zai dasa ɗorawa a cikin ramin nan, kuma a rubuta cewa ƙasa tasa ce, 'ya'ya na Gwaggo. Dagaci ya ce masa ya dubi shekarunta, ɗorawa ba ta haihuwa yau ko gobe. Ni ma na ce gaskiya ne. Tsohuwar ta juyo inda ta ji muryata.

“Kai mai littafi, ina ruwanka da shekaruna? Ina da 'ya'ya mata. Rubuta.”

Na tsoma alƙalami na rubuta.